Lissafin Gudun Jirgi da Gudun Ruwa

Tafkin Jabi da ke Abuja ruwa ne kwantacce, saboda haka jirgin da ke yawo a kansa ba ya tafiya sai da ƙarfin injinsa, alhali Kogin Gurara, wanda ke ratsa yammacin Babban Birnin Tarayya kafin ya faɗa cikin Kogin Neja, yana da nasa gudun da ke taimakon jirgi ko ya danne shi. A kan wannan bambanci aka gina wani nau'in tambaya a aljabara, wato reshen lissafin da ke sanya harafi a gurbin adadin da ba a sani ba, wanda ya samo sunansa daga littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820.

Ƙa'idar ita ce nisa daidai yake da gudu sau lokaci. Idan aka kira gudun jirgi a kwantaccen ruwa x, gudun kogi kuma y, to jirgin da ya bi ruwa yana tafiya da x + y, wanda ya tunkari ruwa kuwa da x − y. A ɗauka kwalekwale mai inji ya gangara kilomita 36 cikin awa 2, sannan ya dawo cikin awa 3; ke nan x + y = 18, kuma x − y = 12. Da an haɗa layukan biyu sai y ta ɓace, a sami 2x = 30, wato gudun jirgin kilomita 15 ne a awa, na kogin kuma 3.

Inda ɗalibi kan yi tuntuɓe, ko da ya shirya wa jarrabawar JAMB, shi ne zaton cewa abin da ruwa ya ƙara a gangara yana biyan abin da ya rage a dawowa. Ba haka ba ne, domin jirgin ya fi daɗewa a ɓangaren da ruwa ke danne shi: tafiyar kilomita 72 ta ci awa 5, alhali a kwantaccen ruwa awa 4 da minti 48 za ta ci.

Lissafin dai yana ɗauka cewa gudun kogi ba ya canzawa, abin da matuƙin kwalekwale a Gurara ba zai yarda da shi ba, tunda ruwan Agusta da na Maris ba gudu ɗaya suke yi ba.