Kalmomin Addinin Kirista Masu Tushen Latin da Yadda Hausa Ta Karɓe Su

Ɗalibin da ya tashi a Ƙofar Kware, ko wata unguwa ta cikin birnin Sakkwato, ya san kalmomin fasto da mishan tun yana ƙarami, kuma idan aka tambaye shi asalinsu zai ce Ingilishi ne. Amsar ba ta cika ba. Ingilishi ɗan aike ne kawai, domin tushensu Latin ne, harshen Rumawan da. A Latin, pastor na nufin makiyayi, missio kuwa aikawa.

Dalilin da ya sa Latin ya yi kaka-gida a wannan fage shi ne, ko da yake da Ibrananci da Girkanci aka rubuta akasarin littattafan Kirista tun farko, fassarar Latin ce ta mamaye Yammacin Turai fiye da shekara dubu. Wani malami mai suna Jerom ya fara aikinta a shekarar 382 bisa umarnin Fafaroma Damasus, ya kammala wajejen 405, kuma ita ake kira Vulgata. Kafin shi, Tertuliyan, mutumin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya yi amfani da kalmar trinitas, wadda ta iso Hausa da siffar Triniti. Cocin Katolika bai buɗe ƙofar yin ibada da harsunan gida sosai ba sai a babban taron Batikan na biyu (1962–1965), kuma a tsakiyar wannan lokaci ne, wato 1964, aka kafa diyosis ɗin Katolika na Sakkwato.

Mai karatu zai zaci cewa Littafi Mai Tsarki na Hausa cike yake da irin waɗannan kalmomi. Ba haka abin yake ba. Mafassaran, tun daga J. F. Schön a ƙarni na 19 har zuwa Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, waɗanda cikakkiyar fassararsu ta fito a 1932, sun tarar da Hausa ta riga ta ƙoshi da kalmomin addini daga Larabci. Saboda haka inda Latin ya ce spiritus suka sa ruhu, gratia ta zama alheri. Haka aka yi da kalmomin da Latin ɗin kansa ya aro daga Girkanci: angelus mala'ika, propheta annabi, evangelium bishara. A wasu wuraren kuma kalmar gida aka ɗauko, kamar gicciye a madadin crux, da manzo a madadin apostolus.

Sunaye ma shaida ne. Hausa kan mayar da /p/ ta aro zuwa /f/, kamar a fasto da baftisma. To me ya sa Petrus da Paulus suka zama Bitrus da Bulus? Domin ta hanyar Larabci suka biyo, harshen da ba shi da /p/, yake mayar da ita /b/. Da daga bakin Turawan Ingila aka ji su, da Fita da Fol za a samu. Wannan misali ya dace malami ya riƙe shi don darasin tsarin sauti.

Kalmar testamentum ta cancanci a dakata a kanta. Ma'anarta ta yau da kullum a Latin ita ce wasiyya, alhali kalmar Ibrananci da take wakilta yarjejeniya ce tsakanin Allah da mutane. Ingilishi ya kwashi kalmar Latin yadda take, Hausa kuwa ta ce Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. A ganina, a nan fassarar Hausa ta fi kusa da asali.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Kalma ɗaya ta koma tana ɗauke da ma'ana biyu, gwargwadon mai faɗarta. Ceto a bakin Musulmi yakan nufi roƙon da Annabi (SAW) zai yi wa al'umma ranar alƙiyama; a bakin Kirista kuwa salvatio ce, wato kuɓuta daga zunubi ta hanyar Almasihu. Manzo a wurin Musulmi wanda Allah ya aiko da saƙo ne, Kirista kuma yana kiran Bitrus da Bulus manzanni, don Yesu ne ya aike su. Ruhu Mai Tsarki a tauhidin Kirista ɗaya ne daga cikin Triniti, amma malaman tafsiri sun fassara Ruhul Ƙudusi da Mala'ika Jibrilu. Malamin da aka tura makaranta mai haɗe da 'ya'yan Musulmi da na Kirista, ya ce a ba shi ma'anar ceto, zai iya samun amsa biyu mabambanta. Idan ya soke ɗaya da jan biro, ya yi kuskure a ilimin ma'ana, ya kuma ɓata wa yaro da iyayensa rai. Abin da ya kamata shi ne ya rubuta ma'anonin biyu a allo, kowace da muhallin da ake amfani da ita, kamar yadda ƙamus nagari yake yi.