Hannun da Ke Riƙe da Hasumiya

Wanda ya bar kwaltar Madawa ya nufi ƙauyukan Galma Kudawace bayan girbi, abin da zai fara hangowa rumbunan laka ne, masu ciki kamar tulu, kowanne da hular ciyawa, wasu sun ɗara ɗakin mai su tsawo. Ba mai biyan kuɗi don ya kalle su. Amma duk wanda ya san yadda ake riƙon rumbu ya riga ya san sirrin hasumiyoyin da jama'a ke yi wa layi a biranen Turai: dogon gini yana tsaye ne muddin akwai hannun da ke komawa kansa.

A birnin Pisa na Italiya, baƙi kan miƙa hannu a ɗauke su hoto kamar su suka tokare hasumiyar. An fara gininta a 1173, ta soma karkacewa tun ba a gama ba, kuma daga 1990 zuwa 2001 a rufe take, injiniyoyi suna zaƙulo ƙasa daga ƙarƙashin gefe guda don kada ta kife. Hasumiyar Eiffel ta Paris, wadda aka gama a 1889, ƙarfe ce zalla, amma kusan duk shekara bakwai sai an sake mata fenti, in ba haka ba tsatsa ta cinye ta. Dutse da ƙarfe ke nan. Don haka idan aka ce aibin laka shi ne tana son yaɓe bayan damina, an faɗi abin da ke kan kowane gini ne.

Kuma ba sai an ƙetare teku ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da laka aka yi ta, itatuwan da suka leƙo daga jikinta su ne matakalar masu gyara, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Hasumiyar Gobarau ma tana nan a Katsina. Mafi kusa, cikin jihar Tawa ɗin nan, akwai masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Falke Barmu ya ɗora a 1962, jama'ar gari suna kwaɓa ƙasa suna ɗebo ruwa. Daga baya ya ƙara masa hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, har ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Manomi ne ya yi wannan aikin, da irin ƙasar da ake gina rumbu a Galma.

Za a ce bulo da kwano sun fi hutu, kuma mai wannan magana yana da hujja. Magidancin da ruwan Agusta ya rusa masa katanga sau biyu ba zai saurari zancen tarihi ba. Giginyar da ake tsaga azara ta yi ƙaranci, ga wahalar ruwan kwaɓi da rani, galibi a kan mata da yara. Sai dai a tambayi tsohuwar da ke kwana ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, wadda zafi ke kora waje da tabarmarta, ko ta huta. Siminti da kuɗi ake sayensa, daga nesa ake kawo shi, in ya tsage kuma sai an sake neman kuɗi. Katangar laka kuwa gayya ɗaya ta isa ta tashe ta.

Za a kuma ce baƙi ba za su zo Galma kallon rumbu ba. Ƙila haka ne, amma mutanen Yama ma don salla suka yi gininsu, yabon duniya daga baya ya biyo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokacin aikin. Rani ne lokacin gini da yaɓe, kuma rani ne lokacin da samarin wannan yanki na Adar ke watsewa cin rani zuwa Najeriya, Libiya da Abijan. Tsohon magini yana gida da sanin yawan ramnon da laka ke so da kwanakin da za ta yi tana ruɓa kafin a ɗora ta, ɗan da zai miƙa masa curi kuwa yana can yana ɗaukar bulo a ginin wani.