Cacar Waya a Birnin Zazzau: Hanyar Kano ko Hanyar Kaduna?

A da, mai son buga karta a Zariya sai ya yi tattaki. Ya fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya nufi Sabon Gari, inda tun zamanin Turawa aka tattara abubuwan da birni ba ya ɗauka. Fitar nan kaɗai horo ce, domin sai wani ya gan ka, kuma kafin ka dawo labari ya riga ka isa gida. Yau matashi na kwance a zauren ubansa a Kwarbai ko Limancin Kona, ya tura kuɗi daga OPay zuwa SportyBet ko Bet9ja, ya ɗora a kan wasan da za a buga a Ingila, alhali wanda ke zaune kusa da shi ya ɗauka karatu yake yi.

A wajen malaman birni babu gardama: aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a wuri guda ta haramta. Inda magana take shi ne dokar ƙasa, kuma ita ma ta sauya a 2024. Daga 2005 hukumar tarayya ce ta riƙa bai wa kamfanonin caca lasisi a ƙarƙashin dokar da Majalisar Tarayya ta yi. Jihar Legas ta kai ƙara a 2008, shari'a ta yi ta jan ƙafa har 22 ga Nuwamba 2024, ranar da Kotun Ƙoli ta yanke cewa waccan doka ba ta da iko sai a Abuja. Sauran, kowace jiha ta yi wa kanta hukunci. Zariya kuwa tana zaune tsakanin hukunci iri biyu.

A arewacinmu akwai hanyar Kano. Dokar shari'ar Musulunci da jihar ta kafa a 2000 ta hana caca, kuma Hisbah ce ke bin sawu. A Oktoban 2024 ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, aka taso mata da cewa suna da lasisin tarayya, ta ɗan saurara. Da hukuncin Kotun Ƙoli ya fito sai ta ce za ta ci gaba. Kyawun wannan hanya a bayyane yake. Abin da liman ya faɗa a huɗuba shi ne abin da doka ta faɗa, yaro ba ya tashi yana ganin allon caca a bakin layinsu kamar na mai cajin waya. Kada a raina wannan. Shago makaranta ne: a nan ake koya wa sabon shiga yadda ake haɗa tikiti, a nan yake jin labarin wanda ya ci miliyan da naira ɗari, ba ya jin na ɗaruruwan da wasa ɗaya ya yanke musu tikiti.

Sai dai kwaɗo ƙofa yake rufewa. Kamfanin yana Legas, manhajarsa tana cikin aljihu, kuɗin yana bi ta banki. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Kuma tunda jiha ta ce ba ta san da zaman kamfanin ba, ba ta da teburin da za ta kira shi ta gindaya masa sharaɗi.

Hanyar Kaduna dabam ce, kuma tarihin jihar ne ya haife ta. Bayan rikicin shari'a na 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta kawo tsarin sulhu a 2001: kotunan shari'a ga Musulmi, kotunan gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba. Jihar da ta haɗa Zariya da Kafanchan ba ta iya yin doka da murya ɗaya kamar Kano. Don haka kamfanonin caca suna aiki a fili, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, KADIRS, ce ke yi musu rajista tana karɓar haraji, kuma ta sha garƙame shagunan waɗanda ba su biya ba. A lura da dalilin garƙamewar: ba don an kama ɗan sakandare yana buga caca da kuɗin makaranta ba, sai don ba a kawo kason gwamnati ba. Wanda ya biya, a buɗe masa. Nan ne raunin hanyar yake. Mai karɓar haraji ba zai so cinikin da yake ci daga gare shi ya ragu ba, kuma ba aikinsa ba ne ya san matar da aka sayar da keken ɗinkinta aka zuba a wasan daren Asabar.

Amma fa Kaduna tana riƙe da abin da Kano ba ta da shi: wuyan kamfanin. Wanda ke neman lasisinka dole ya saurare ka. Jiha na iya cewa ba lasisi sai an tantance shekarun mai buɗe asusu da lambar NIN, tunda su kansu kamfanonin suna rubuta cewa sai ɗan shekara 18. Tana iya hana tallar caca a rediyo da gidajen kallon ƙwallo, ta sa iyaka ga abin da mutum zai zuba a rana, ta kuma bai wa ƙaramar hukuma irin ta Zariya damar cewa ba ta yarda da shago ko ɗaya a cikin ganuwa ba. Kafin Nuwamban 2024 ana iya fakewa da cewa ikon na Abuja ne. Yanzu babu wannan mafaka.

A yadda abubuwa suke yau, Kano ta fi mu, domin ko ba komai ta rage wa yaro hanyar shiga, mu kuwa rasit kawai muke yankewa. Amma dokar da za ta iya shiga cikin waya sai wadda ta kama kamfani, kuma Kaduna ce ke da damar yin ta. 'Yan majalisar da ke wakiltar birnin Zariya a Majalisar Dokokin Jiha, da Majalisar Masarautar Zazzau, su ne ya kamata su kai wannan ƙudiri, su raba aikin sa ido a kan caca da ofishin karɓar haraji.