Tabarau mai murɗawa bai isa ya hana ka zuwa awon ido ba

Kawuna tela ne a Tudun Wadan Zariya, ya fi shekara talatin a kan keke a wani shago da ke kusa da shataletalen Agoro. Da ya haura arba'in sai zare ya fara ƙin shiga kafar allura. Ya yi abin da kowa ke yi, ya tsayar da mai tallar tabarau, ya yi ta gwadawa yana leƙa ƙananan rubutun kwalin ashana har ya dace da wanda ya yi masa. Bayan 'yan shekaru wannan ya gaza, ya sayi wanda ya fi shi ƙarfi. Na taɓa ƙirga tabarau biyar a aljihun kekensa, biyu an ɗaure hannuwansu da zare.

Bara ɗansa ya ga talla a Facebook, wai ga tabarau mai ɗan maɓalli a gefe, kana murɗawa yana daidaita da idonka, ba sai ka ga likita ba. Aka tura kuɗi, aka kawo. Kawu ya saka, ya murɗa, allura ta fito tangaran. Na ce, "Kawu, duk da haka da ka daure an auna idon nan." Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, mai gani me zai kai shi asibitin ido? Kafar allura nake gani kamar Ƙofar Doka."

Ashe da sauran magana. Yaron shago zai miƙo masa almakashi ta hagu, ba zai karɓa ba sai an yi magana. Ya riƙa yin tuntuɓe da bencin da ya shekara goma a wuri ɗaya. Sai da ɗan acaɓa ya kusa kwashe shi yana tsallaka titi sannan ya yarda aka kai shi. Likita ta auna ta ce hawan jinin ido ne, wanda ake kira gulokoma, jijiyar idon hagu saura kaɗan ta mutu, ta dama ma ta taɓu. Abin da ya tafi ya tafi. Yanzu maganin ɗigawa ne safe da dare har iya rayuwa, don a tsare ɗan abin da ya rage.

Shi tabarau ɗin a kansa ba damfara ba ne, fasaha ce mai asali. Luis Alvarez, masanin kimiyya ɗan Amurka da ya ci kyautar Nobel a 1968, shi ya ƙirƙiro gilashi biyu masu lanƙwasa da ke zamewa a kan juna, ƙarfinsu na sauyawa gwargwadon yadda aka gusa su. Yawancin masu maɓallin nan haka suke aiki. Farfesa Joshua Silver na Jami'ar Oxford kuma tun 1985 ya fara aikin wani iri da ake ɗura wa ruwan silikon da sirinji, fatar ciki ta kumbura ko ta lotsa, kuma an gwada shi a Ghana saboda karkarar da ba ta da masu awon ido. A ɓangaren kyamara, kamfanin Varioptic na Faransa ya yi gilashi na ɗigon ruwa da mai wanda lantarki ke sauya wa siffa, a 2021 kuma Xiaomi ya fitar da waya mai gilashin ruwa. Amfanin shi ne gilashi ɗaya ya yi aikin da a da sai an jera da yawa, kaya su yi sauƙi su ƙanƙance. Dukkansu kwaikwayon halittar Allah ne, domin a cikin idonmu akwai irin wannan gilashi mai taushi da ke kumbura idan za mu dubi abu na kusa. Da shekaru sun kai arba'in sai ya fara tauri, shi ya sa dattijo ke nesanta takarda kafin ya karanta.

To iyakar aikin maɓallin ke nan, ya gyara inda haske ke taruwa. Bai san komai game da jijiya ba. Gulokoma kuwa galibi ba ta ciwo, ba ta ja, daga gefe take fara ci, ta bar maka tsakiya kana zura allura kana cika baki. Ko matsalar da ke sa rubutu ya karkace saboda gaban ido bai yi daidai ba, wannan tabarau ba ya gyara ta. Mai ciwon suga ma ganinsa kan sauya idan suga ya hau, sai ya murɗa maɓalli ya ci gaba da harkarsa, alhali jiki ne ke yi masa gargaɗi.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar abin da za a iya karewa ne ko magancewa. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43, gulokoma na biye da kusan kashi 17. Ita yanar ido ana cirewa gani ya dawo, gulokoma kuwa ba ta mayar da abin da ta ci. A cikin masu ɗauke da gulokoma 20, kusan mutum 1 ne kawai ya san yana da ita.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu a Zariya ba mu da hujja. Silver ya yi nasa ne don ƙauyen da likitan ido bai taɓa takawa ba. Mu ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, tafiyar da ba ta cin yini. Mutum zai kai waya wurin mai gyara sau uku don kyamararta ta yi dishi-dishi, amma idon da zai kalli hoton da shi sai ya miƙa wa mai talla a bakin kasuwa. A majalisa kuma tabarau ɗaya ke zagaya mutum huɗu, kowa na cewa "ara mini in duba lamba". Wasu har da ɗiga maganin kemis da wani ya ce ya yi masa, ba su san wasu magungunan kashe ƙaiƙayin ido suna ƙara hawan jinin idon ba.

Idan ka kai arba'in, je a auna ka tun kafin ka sayi tabarau na farko, ka kuma buɗe baki ka ce a duba ƙarfin ruwan ido da jijiya, kada a tsaya ga karanta haruffan allo. Ka koma duk shekara ɗaya ko biyu. Idan uba, uwa, wa ko ƙane na da gulokoma, kada ka jira arba'in, domin tana bin jini. Yau ma ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka dubi ɗaki, ka sauya ɗayan, domin mai lafiyar kan rufa wa marar lafiyar asiri. Tabarau mai murɗawa ka riƙe shi na wucin gadi, na karatu da ɗinki, kada ka hau babur ko mota da shi, kada kuma ka saya wa yaro.

Kawu yana nan yana ɗinki da idon dama. 'Ya'yansa shida ne, huɗu sun je an auna su, biyu har yanzu suna cewa sai bayan salla.