Abin Da Ke Kashe 'Yan Kanari

Da yawa daga cikinmu muna ajiye kanari a keji saboda daɗin kukansa. Wani lokaci sukan yi ƙwai su ƙyanƙyashe, amma da 'ya'yan sun bar sheƙa sai mu wayi gari mu tarar sun mutu. Me ke kawo haka?

Babban dalili yunwa ce. Ɗan kanari yakan bar sheƙa yana da kamar kwana 18, amma bai iya ɓare tsaba ba tukuna. Iyayensa ne ke ba shi abinci a baki har ya kai wata guda. In muka raba su kafin nan, ko da gero ya cika keji, yunwa za ta kashe shi. Mu bar shi tare da iyayensa, mu riƙa marmasa musu dafaffen ƙwai kaɗan.

Sai sanyi. Gashinsa bai gama fitowa ba, ga shi a ƙasan keji yakan kwana. Da hunturu mu lulluɓe keji da dare, amma mu bar kafar iska.

Ƙazanta ma tana kisa. Akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani cikin kashin tsuntsu. In ɗan tsuntsu ya ci abincin da kashi ya taɓa, sai zawo ya kama shi, ya rame, ya takure wuri guda. Mu share keji kullum. Hatsin da ya yi funfuna kuwa, zubarwa ake yi.

Kada mu sa ruwa a kasko mai zurfi, don yakan faɗa ciki ya kasa fita. Mu kuma rataye keji inda kyanwa da ɓera ba za su kai ba, gama tsoro kaɗai kan sa ya buga kansa da keji.