Sayen Kwamfuta da Kuɗi Kaɗan: A Ɗauko Haɗaɗɗiya, Ko A Haɗa Da Kai?

A da, in an ce akawu sai a tuna da alƙalami da tawada da keken rubutu, in kuwa an ce malami sai a tuna da alli da baƙin allo. Yau al'amari ya sake. Takardar albashi, da lissafin haraji, da jerin sakamakon jarrabawa, duk a kwamfuta a ke shirya su. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta gaba ɗaya, watau yaron da bai taɓa dafa ta ba ya shiga ɗakin jarrabawa da rauni tun bai ga tambaya ba. Don haka akawuna da malamai da yawa sun ƙudura su mallaki tasu ta tebur a gida, su rage aikin ofis da dare, yara kuma su koya.

To, amma mai albashi ba ya sayen irin wannan kaya sau biyu. Sai ya yi wata da watanni yana tari, ko ya jira kwasar adashi, sa'an nan ya nufi kasuwa. Can kuwa zai tarar da masu shawara kashi biyu. Waɗansu su ce ya ɗauki wadda kamfani ya haɗa, ya huta. Waɗansu su ce a'a, ya sayi kayan ɗai ɗai ya haɗa da kansa, ya fi araha. Abin ya yi kama da na mai son riga: ko ya sayi ɗinkakkiya a kasuwa, ko ya yanki yadi ya kai wa tela. Mun ga ya kamata mu baje wannan magana a faifai, don kada guminku ya tafi a banza.

Abin da ke cikin akwatin

Kada girman sunan ya tsorata kowa. Kayan cikin kwamfutar tebur ba su wuce shida ko bakwai ba, kuma wanda ya san ofis ya riga ya san su. Akwai furosesa, shi ne akawun da ke yin lissafin. Akwai ram, shi ne teburin da akawun ke baza takardun da ya ke aiki a kansu. In teburin ya yi ƙanƙanta, kome ƙwazon akawu sai aiki ya yi nawa. Akwai rumbun ajiya, shi ne kabad ɗin fayil, inda kome ke kwana bayan an tashi. Akwai babban faifan da a ke kafa su duka a kansa, wanda masu sana'ar ke kira madabod, shi ne ɗakin ofishin. Sai akwatin wuta mai karɓar lantarki daga bango ya raba wa kowa gwargwadon bukatarsa, sai kuma gidan da ke rufe su. Na bakwai shi ne katin hoto, shi kuwa ba kowa ke bukatarsa ba, sai mai zanen gini, ko mai gyaran fim, ko mai manyan wasanni.

Dalilin da ya sa mutum ke iya haɗa su da kansa tsoho ne. Ran 12 ga Agusta 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur a kan dala 1,565. Da ya ke sauri ya ke yi, bai tsaya ƙera kome da kome ba, sai ya sayo furosesa daga Intel, ya karɓi manhaja daga Microsoft, ya kuma buga bayanin yadda abin ya ke. Nan da nan waɗansu kamfanoni suka shiga yin irinta, Compaq na cikin na farko. A 1984 wani ɗalibi, Michael Dell, ya fara sana'ar a ɗakin kwanansa na Jami'ar Texas. A 1995 kuma Intel ya fitar da ma'aunin da a ke kira ATX, wanda ya tsai da girman faifai, da wurin ramukan kusoshi, da irin bakin waya. Tun daga nan faifan wannan kamfani ke shiga gidan wancan, ya sha wuta daga akwatin na uku.

Hanyar haɗawa da kai

Amfaninta a fili ya ke. Kowane kwabo ka san inda ya shiga. Ka zaɓi akwatin wuta nagari, wanda shi ne masu haɗa na araha suka fi yi wa ƙwauro domin mai saye ba ya leƙa shi. Bayan shekara biyu in hali ya samu ka ƙara ram, ko ka sake furosesa, ba sai ka yar da sauran ba. Misali, gurbin furosesa na kamfanin AMD mai suna AM4 ya fito a 2016, kuma furosesa na jerin Ryzen 5000 da suka fara fitowa a 2020 a wannan gurbi su ke zama. Waɗanda suka yi sa'ar faifai mai karɓarsu sun sabunta injinsu da sayen abu guda.

Amma akwai ramummuka a hanyar. Na farko, kayan ba duka ke jituwa ba. Furosesan Intel ba ya zama a gurbin AMD. Ram na DDR4 ba ya shiga ramin DDR5, gama tsagar ƙasansu ba wuri ɗaya ta ke ba, kuma sabon gurbin AMD na 2022, watau AM5, DDR5 kaɗai ya ke karɓa. Na biyu, waɗansu furosesa ba su fitar da hoto da kansu. Na Intel mai harafin F a ƙarshen lambarsa haka ya ke. Ryzen 5 5600G yana fitarwa, amma Ryzen 5 5600 ba ya yi. Harafi guda ke nan, amma wanda ya kuskure masa sai ya kunna ya ga allo baƙi ƙirin, sa'an nan a gaya masa sai ya sayi katin hoto, alhali aljihu ya riga ya bushe. Na uku, ƙafafun gurbin sirara ne kamar gashi, in hannu ya goce ɗaya ta lanƙwashe, da wuya mai kanti ya karɓi kayan. Na huɗu, takardar izinin Windows ba ta cikin lissafin kayan, sai an saye ta dabam.

Babbar matsala kuwa ita ce ta ranar da injin ya ƙi tashi. Wanda ya sayi haɗaɗɗiya ƙofa ɗaya zai buga. Wanda ya haɗa da kansa, mai faifai ya ce laifin ram ne, mai ram ya ce laifin wuta ne, shi kuwa ba shi da kayan gwaji da zai kama mai laifin.

Maganar araha ma ba kullum ta ke tabbata ba. A 2020 da 2021, lokacin annobar korona, katin hoto ya yi wuyar samu, har waɗansu a Turai da Amurka suka riƙa sayen haɗaɗɗiyar kwamfuta don katin da ke cikinta kawai. A ƙarshen 2025 kuma kuɗin ram ya yi tashin gwauron zabo, domin manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Mu nan kuwa ga darajar naira: kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Duk kayan nan daga waje a ke shigo da su. Wanda ya ce zai riƙa sayen guda guda kowane wata, ya iya tarar da na ƙarshen ya fi ƙarfinsa, na farkon kuma garantinsa ya ƙare tun ba a taɓa sa masa wuta ba.

Hanyar haɗaɗɗiya

Ita kuma iri biyu ce. Akwai sabuwa dal a kwalinta, da garanti, da Windows a ciki. Wannan kwanciyar rai ce, sai dai a kuɗi kaɗan abin da a kan samu shi ne mafi raunin jerin: ram ɗan kaɗan, wani lokaci da tsohon rumbu mai juyawa. Sa'an nan akwai ta hannu, wadda 'yan kasuwa ke ce wa Beljiyom. Yawancinsu kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka ne, irin su Dell OptiPlex, da HP EliteDesk, da Lenovo ThinkCentre, waɗanda a kan sauya bayan 'yan shekaru tun da sauran ƙarfinsu. Ana samun su a Computer Village ta Ikeja a Ikko, da titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja. An yi su don su wuni suna aiki, ba su cin wuta da yawa, ana kuma buɗe gidansu ba wahala. Ga mai rubuta wasiƙa da jera maki, da tsohuwar zuma a ke magani.

Su ma da nasu aibin. Da yawansu ba su bi ma'aunin ATX sosai ba. Maimakon bakin waya mai ƙafa 24 da kowa ya sani, sai ka tarar da mai ƙafa 6 ko 8 na kamfanin kansa, in akwatin wutar ya ƙone sai an nemo irinsa. Ƙananan kuwa gidansu matsattse ne, wutarsu kaɗan, babban katin hoto ba ya shiga. Watau ɗinkakkiyar riga ce, in ta yi maka daidai ka more, amma ba ta da yadin da za a buɗa.

Ga kuma abin da muka fi so kowa ya riƙe. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kullum, sai wani ƙarin wa'adi na shekara guda ga wanda ya shiga shirin. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta yarda da kowane inji ba: tana son abin tsaron da a ke kira TPM 2.0, da furosesan Intel na zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Gane zubin ba wuya. Dubi lambar da ke bayan ɗan layin: i5-6500 na 6 ne, i5-7500 na 7, i5-8500 na 8. Kada mai kanti ya ce maka "ai i7 ce" ka saki jiki, gama i7 ta zubi na 4 ta girmi i5 ta zubi na 8 da shekaru. OptiPlex 3060 da 7060, da EliteDesk 800 G4, da ThinkCentre M720 duk sun haye wannan katanga. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, akwai Linux Mint da Ubuntu, kyauta ne, suna tafiya a tsohon inji, kuma LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel. Amma ya fara tambaya ko manhajar da ofishinsa ke aiki da ita za ta yarda.

Wuta da ƙura

Masu rubuta shawara a Turai ba su sa waɗannan biyu a lissafi, mu kuwa tilas ne. Ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi suna kashe kwamfuta, sabuwa ce ko tsohuwa. Don haka kuɗin UPS, watau batirin da ke riƙe inji 'yan mintoci har ka adana aikinka, cikin kuɗin kwamfutar ya ke, ba ƙari ba ne. Ku dubi kuma cin wuta. A ce ƙaramar ta ofis da allonta suna jan wat 50, babbar mai katin hoto tana jan 300. A awa 8 kullum, kwana 22, ta farko ta ci yunit 8.8, ta biyu 52.8, watau ninki shida. Mai aiki da sola ko ƙaramin janareta ya san ma'anar wannan. In hunturu ya shigo kuma, ƙura na toshe fanka, inji ya yi zafi ya riƙa mutuwa. A ɗaga shi daga ƙasa, a rufe shi da ƙyalle in an kashe, a buɗe a hure shi lokaci lokaci.

Shawararmu

Mu dai ga abin da muka gani. Kafin ka tambayi kuɗi, tambayi kanka abu biyu: wane aiki za ta yi, kuma ran da ta tsaya wa zai tashe ta? In aikin rubutu ne da lissafi da intanet da koyar da yara, nemi ta ofis ta hannu mai zubi na 8 ko sama, ram gigabait 8 aƙalla, in da hali 16, da rumbu irin na SSD, wanda ba ya juyawa, gama shi ne ya fi kome sa tsohon inji sauri. Abin da ya ragu ka sa a UPS da allo mai kyau, don idonka jari ne. In kuwa aikinka zane ne ko fim, ko kana son koyon sana'ar kanta, kuma kana da wanda ya iya kusa da kai, to haɗa da kanka. Amma tara kuɗin tukuna, ka sayi kayan rana ɗaya, a kanti ɗaya in ya yiwu, a haɗa a kunna a gabanka.

Kowace ka zaɓa, kada ka yi cinikin biri a sama. A kunna maka, ka buɗe bayanin injin ka karanta lambar furosesa da yawan ram da idonka, kada ka dogara da takardar da aka manna a jikin gida. Gwada kowane rami, ka saurari fanka. A rubuta maka rasit da lambar injin da kwanakin garanti. In ba ka sani ba, tafi da wanda ya sani, matambayi ba ya ɓata. Takardun aiki kuma a riƙa ajiye kwafinsu a wani wuri dabam, domin inji in ya lalace ana sayen wani, amma makin yara na shekara guda ba a sayar da shi a kasuwa.

Allah ya sa albarka a abin da aka tara, ya kuma sa a saya a sa'a, amin.