Siririyar Bindigar Hannu Ko Babba: Wacce Ta Fi Juriya?

A kasuwar Amurka, sirārān bindigogin hannu sun samu karɓuwa sosai tun daga fitowar Smith & Wesson M&P Shield a 2012, da Glock 43 a 2015, da SIG Sauer P365 a 2018. Ba su da nauyi, kuma ba sa takura mai ɗauke da su. To amma shin suna da aminci da ƙarko irin na manya?

Mu ɗauki 'yan gida ɗaya. Glock 17, wadda aka ƙera wa sojojin Ostiriya a farkon shekarun 1980, tana ɗaukar harsashi 17, nauyinta kusan giram 700 ne. Glock 43 kuwa harsashi 6 take ɗauka, nauyinta bai wuce giram 510 ba. Amma dukkansu harsashin milimita 9 suke harbawa. A nan gizo ke saƙar: ƙarfin fashewa iri ɗaya ne, jikin da zai shanye shi ne ya bambanta.

Murfin saman siririya gajere ne kuma marar nauyi, saboda haka yana komawa baya da sauri. Sifirin ɗinta ma gajere ne, aiki ya fi yi masa yawa, shi ya sa yake saurin gajiya, kuma akan sauya shi kafin na babba. Sannan tun da mariƙinta ƙarami ne, idan hannu bai riƙe ta da kyau ba, kwanson harsashi na iya maƙalewa, bindigar ta cije. Babba takan yi haƙuri da irin wannan saken, da ƙura, da harsashi marar ƙarfi.

Wannan ba ya nufin siririya ba ta da inganci. Idan ana tsabtace ta, ana kuma sauya sifirin a kan lokaci, takan yi shekaru tana aiki. Sai dai inda ake harbi dubbai a atisaye, babba ce ke kan gaba. Ko a 2017 da sojojin Amurka suka tashi sauya bindiga, M17 mai cikakken girma da ƙanwarta M18 suka zaɓa, ba siririya ba.

Mai karatu ya sani, a Najeriya dokar makamai ta sanya bindigar hannu cikin haramtattun makamai, mallakarta sai da lasisin shugaban ƙasa.